Girkin Gidan Indiya na Yau da Kullum da na Lokacin Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da zarar sanyi ya kunno kai, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini daga 'yan'uwanmu da ke Indiya: ɗalibai sababbin zuwa, da masu jinyar da suka rako mara lafiya suka kama ɗaki na wata biyu ko uku, da waɗanda suka riga suka koma gida amma harshensu ya ƙi mantawa. Na yi shekara huɗu a gefen Delhi, kuma rabin abin da na iya a bakin murhun wata dattijuwa 'yar Funjab na koye shi, wadda ƙofarta ke kallon tawa. Ga tambayoyin nan, na faro daga masu sauƙi.

Wai me Indiyawa ke ci a gida kullum? Biryani ne, shinkafar nan mai nama da kayan ƙamshi, da kaza mai kirim irin ta gidan abinci?

A'a, wannan abincin biki ne da na fita shan iska. Wanda ya auna girkinsu da abin da ake kawo masa a otal, kamar baƙon da ya ci funkaso da farfesun kan rago ranar suna ne, ya tafi yana ba da labari cewa haka Hausawa ke ci safe da dare. Abin da ke kan farantin ma'aikaci a Delhi ranar Talata bai wuce huɗu ba: dal, wato ɓararren wake da aka dafa ya narke ya zama romo, sabzi, wato kayan lambu da aka soya da kayan ƙamshi, roti ko shinkafa, sai ɗan kindirmo a gefe, wanda suke kira dahi, ko ɗan abin tsami. Tuwo da miyarsu ke nan.

Mutanen arewacin Indiya sun fi cin alkama, na kudu da gabas, irin su Tamil Nadu, Kerala da Bengal, shinkafa ce abincinsu. Nama ba kullum ba ne ko a gidajen da ake cinsa. Matar da ta dawo daga aiki tana haɗa waɗannan huɗun cikin minti 40, kuma irin wannan girkin nake nufi a duk amsoshin da ke ƙasa.

Kayan ƙamshi nawa zan saya kafin in fara? Na shiga shago na rikice.

Biyar sun isa: kurkum, da wasu ke kira gangamau, su kuma haldi; garin barkono; ƙwayar jira, wadda Larabawa ke kira kammun; garin daniya, wato kusbara; sai garam masala. Idan kuɗi sun ragu, a ƙara ƙwayar rai, 'yar baƙar ƙwayar mastad, da hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari. Kowace uwargida a can tana da wani faffaɗan gwangwanin ƙarfe mai ƙananan kofuna bakwai a ciki, masala dabba sunansa, kuma da abin da ke cikinsa take ciyar da gida shekara da shekaru. Albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, tumatir da ɗanyen barkono kuwa, mun riga mun san su.

A saya kaɗan kaɗan a ƙaramin shagon unguwa. Kasuwar Khari Baoli da ke tsohuwar Delhi abin zuwa gani ce, buhunan barkono har sa mutum atishawa suke tun daga bakin layi, amma kasuwar 'yan sari ce. Ɗalibin da ya ɗauko kilo guda na garin daniya zai gama karatu bai cinye ba, ƙamshin kuwa ya tafi cikin 'yan watanni.

Mene ne tadka da kowa ke ambata?

Nan ne sirrin yake, don haka zan ɗan tsaya. Tadka shi ne a zafafa mai a ƙaramin kasko, a jefa kayan ƙamshi su yi daƙiƙa kaɗan a ciki, a juye su da man gaba ɗaya a kan abincin da aka riga aka dafa. Wasu na cewa caunk, wasu baghar. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: duk wanda ya soya man gyaɗa da albasa ya kwarara a kan garau-garau ko ɗan wake ya san hanyar. Bambancin kawai, su sun ƙara ƙwayoyi a cikin man. Ƙamshin jira da rai a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa idan aka barbaɗa su kai tsaye a tukunyar ruwa sai a ji kamar an zuba ƙaiƙayi.

Jerin zubawa yana da muhimmanci, domin kowanne da lokacin da yake ɗauka. Babban cokali biyu na mai ko man shanu, a bari ya yi zafi amma kada ya yi hayaƙi. Rai ne farko, a jira har ya fara fashewa yana tsalle. Sai ƙwayar jira, ta yi ƙara ta ɗan yi duhu. Sai ɗan tsunkule na hing, yankakkiyar tafarnuwa da busasshen barkono. Idan tafarnuwar ta fara ja a gefe, a kashe wuta, sannan a zuba garin barkono, domin gari yana ƙonewa kafin a ƙifta ido. Nan take a juye a kan dal, a rufe tukunya ƙamshin ya zauna. Duka aikin bai kai minti biyu ba, don haka a jera komai a gaba kafin a kunna wuta.

Ranar da na fara yi a gaban maƙwabciyata, na juya ɗauko tafarnuwa, jirar ta yi baƙi. Ina shirin juyewa a haka, ta karɓe kaskon ta zubar ta miƙo mini shi wanke. Gaskiyarta. Asarar cokali biyu na mai ta fi asarar tukunya guda, don ɗacin ƙonanniyar jira ba abin da ke rufe shi.

Dal kala-kala ne a shago. Wanne ne wanne?

Kalmar dal tana nufin ɓararren waken da kuma romon da aka yi da shi. Masur, mai launin ruwan lemo, shi ne mafi saurin nuna, ba ya buƙatar jiƙo, minti 20 ya narke. Mung, ƙanana masu ruwan ɗorawa, shi ya fi sauƙi a ciki, shi ake ba yara da marasa lafiya. Tur, ko arhar, shi ne na kullum a yawancin gidaje, kuma da shi mutanen kudu ke yin sambar, miyarsu ta wake da kayan lambu da tsamiya. Shi ne waken da Ibo ke kira fiyofiyo, an ɓare shi. Cana dal yana da tauri, sai an jiƙa awa ɗaya ko biyu. Urad baƙi ne a waje fari a ciki, yana da ɗan yauƙi.

Akwai kuma waɗanda ba a ɓare ba: rajma, jan wake mai siffar ƙoda, da cana, mai kama da gurjiya. Waɗannan sai an jiƙa su kwana. Rajma kam dole ya tafasa sosai ya nuna lugub, domin wanda bai nuna ba yana sa amai da gudawa. Wakenmu na gida ma suna da shi, lobiya suke ce masa. Sabon shiga ya fara da masur.

A ba ni dal mafi sauri, ina dawowa daga makaranta a gajiye.

To ɗan'uwa, ga shi. Kofi 1 na masur, a wanke sau uku har ruwan ya washe. A zuba ruwa kofi 3, rabin ƙaramin cokali na kurkum, a ɗora. Idan kumfa ta taso a kwashe. Bayan minti 15 a yanka tumatir ɗaya a zuba, a sa gishiri, a ba shi minti biyar. A burga shi da maburgi kamar miyar kuka, ko a dama da bayan ludayi. A yi tadka yadda na faɗa a sama, a juye, a matsa rabin lemon tsami. Yana isar mutum uku da shinkafa. Idan ya kwana zai daskare kamar kunu mai kauri, ruwan zafi kaɗan zai dawo da shi.

Dole ne sai na sayi tukunya mai fito?

Ba dole ba ne, amma idan zaman zai wuce wata biyu, tana fanshe kuɗinta a gas. Tukunya ce mai girki da matsin tururi, kuka (cooker) suke ce mata, kuma da wuya ka shiga gida ba ka same ta ba. Hawkins da Prestige su ne aka fi sani. Da ƙarfe takwas na dare idan ka tsaya a tsakar bene, fiton tukwane za ka ji ta kowace taga. Su ba da minti suke auna girki ba, da fito suke yi, siti a bakinsu: masur fito biyu, tur uku zuwa huɗu, dankali uku. Rajma da cana da aka jiƙa kuwa, bayan fiton farko a rage wuta a ba su kamar minti 20. Tukunya da tukunya sun bambanta, sai an gwada taka sau biyu.

Kada dal ya wuce rabin tukunya, a ɗiga masa ɗan mai don kumfa kada ta toshe bakin, kuma kada a yi kokawa da murfi: a bari iskar ta sauka da kanta.

Babu dunƙulen magi, babu daddawa. Daga ina ɗanɗano ke fitowa?

Da farko, a yi hattara da sunan: a Indiya idan ka ce a ba ka Maggi, taliyar leda za a miƙo maka, irin Indomie. Dunƙulen ɗanɗano ba ya cikin girkin gidansu. Abubuwa uku ne ke yi musu wannan aikin. Na farko tadka. Na biyu haƙuri wajen soya albasa, citta, tafarnuwa da tumatir har sai mai ya fito ya rabu a gefe, abin da suke kira bhuna, wanda duk mai yin jar miya ta san shi. Na uku ɗan tsami a ƙarshe, lemon tsami ko tsamiya ko garin ɗanyen mangwaro da suke kira amcur. Yawancin lokaci idan aka ce abinci ya yi lami, ba gishiri ya rasa ba, tsamin ne.

Hing shi ya fi kusa da daddawa a hali. Ƙaro ne na wani tsiro, mafi yawansa daga Afghanistan da Iran ake shigo da shi. A gwangwani warinsa korar mutum yake, a cikin mai mai zafi sai ya koma ƙamshin albasa da tafarnuwa, shi ya sa mabiya addinin Jain, waɗanda ba sa cin waɗannan biyun, suka dogara da shi. Tsunkule ɗaya ya isa tukunya. Ni dai ban ga laifin wanda ya jefa rabin dunƙule a dal ɗinsa ba, amma ya fara gwadawa babu tukuna.

Garin kori da muke sa wa dafa-duka ba shi ne kayan ƙamshinsu ba?

Ba shi ba ne. Turawan Ingila ne suka haɗa shi suka fara sayarwa tun ƙarshen ƙarni na 18, don masu kewar abincin da suka ci a Indiya, daga nan ya zagayo ya iso mana. A shekara huɗu ban ga gwangwaninsa a kicin ɗin kowa ba. Garam masala wani abu ne daban: girfa, kanumfari, ilaici (cardamom a Turance), baƙin masoro da jira aka niƙa, babu kurkum a ciki, kuma a ƙarshen girki ake barbaɗa kaɗan. Haka ganyen kori nasu na bishiya ne, ba shi ne wanda ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu ba, wanda dangin ɗoɗɗoya ne.

Kicidi fa? Na ji wasu na cewa abincin marasa lafiya ne.

Abincin mara lafiya ne, na yaye ne, na gwauro ne, na daren da ba a son wahala ne. Shinkafa da mung ake dafawa tare har su yi laushi, tsakanin dafa-duka da fate. Kofi 1 na shinkafa, rabin kofi na mung, ruwa kofi 6, kurkum da gishiri, fito uku ko huɗu. A yi tadka da man shanu, jira da citta. Lokacin sanyi a jefa karas, koren wake da farin kabeji. Indiyawa na cewa kicidi abokansa huɗu ne: dahi, fafad, man shanu da acar, wato kindirmo, da wata siririyar waina mai ƙaras-ƙaras, da mai, da kayan tsamin da aka jiƙa a mai da yaji.

Tsohon abinci ne ƙwarai. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko wanda daga baya ya ratso har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ba da labarin yadda ya ga mutanen Indiya na dafa mung da shinkafa su sa man shanu su karya kumallo da shi.

Rotina yana fitowa da tauri kamar faifai. Ina nake kuskure?

Hajiya, ɗaya daga huɗu ne. Ko an yi da farar fulawa, wadda suke kira maida, alhali da atta ake yi, wato alkamar da aka niƙa da dusarta. Ko kwaɓin ya yi tauri: kofi 2 na atta yana shan kusan kashi uku cikin huɗu na kofin ruwa mai ɗumi, a zuba kaɗan kaɗan, a murza minti biyar har ya yi laushi kamar fatar kunne, a rufe ya huta minti 20. Ko an cika barbaɗa gari wajen murzawa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, kaskon bai yi zafi ba, rotin ya daɗe a kai ya bushe.

Kaskon, tawa sunansa, ya yi zafi sosai. A ɗora, da ƙananan ƙuraje sun bayyana a juya, a bar ɗaya gefen ya ɗan fi daɗewa, sannan a ɗora shi kan harshen wuta ya kumbura, ko a danna gefensa da tsumma mai tsabta. A shafa man shanu a naɗe a ƙyalle. Zancen zagaye kuwa kada ya dame ki. Nawa na watan farko taswirar Najeriya suke fitowa, kuma an cinye.

Yaya ake sabzi, kuma yaya suke soya kuɓewa ba ta yi yauƙi ba?

Hanyar ɗaya ce ga kusan kowane kayan lambu. Mai, jira, albasa idan ana so, kurkum, garin daniya, barkono, sai kayan lambun da gishiri, a rufe a rage wuta su nuna da ruwan jikinsu. Dankalin Turawa da farin kabeji, alu gobi ke nan, minti 20. Haka kabewa, haka kabeji da koren wake. Za ku ga wani dogon kore da suke kira lauki, ɗanyen duma ne, ɗan gidan su ƙwarya da ludayi. Karela mai ɗaci kuma ɗan'uwan garahuni ne.

Kuɓewa ce muka raba hanya da su: mu yauƙin muke nema, su gudunsa suke. A wanke ta tun ba a yanka ba, a goge ta bushe ƙayau, wuƙa da katako ma busassu. A soya a buɗe, ba rufi, ba yawan juyi, gishiri da ɗan tsami sai ta kusa nuna.

Me suke ci idan sanyi ya tsananta?

Wanda bai yi Janairu a Delhi ba zai ɗauka Indiya duk zafi ce. Daga ƙarshen Disamba, dare kan sauka zuwa digiri 5 ko ƙasa da haka, hazo ya rufe gari har jirage su kasa tashi, gidajen kuma don zafi aka gina su, sanyin har cikin ƙashi. Ya fi hunturun Kano cizo. Amma lokacin ne kasuwar kayan lambu ta fi kyau: jan karas, ɗanyen koren wake, farin kabeji, ganyen hulba da suke kira meti, da ganyen mastad.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da sanyi ya zo sai na ga sun koma abincin ƙauyenmu. Gero, bajra a bakinsu, shi ne hatsin hunturu a Rajastan, Gujarat da Haryana. Asalinsa ma daga yankinmu na Sahel ya tafi can dubban shekaru da suka wuce, yau kuma Indiya ta fi kowace ƙasa noma shi, kuma ita ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Dawa jowar ce, tamba ragi. Rotin gero ba ya miƙuwa kamar na alkama, don haka da ruwa mai ɗumi ake kwaɓa shi, curi ɗaya-ɗaya, a faɗaɗa da tafin hannu ko tsakanin leda biyu, da ɗan kauri. A ci da zafinsa, da man shanu, dakakkiyar tafarnuwa da barkono, da gutsuren gur. Gur ɗin nan mazarƙwaila ce, ba wani abu ba. A tsakiyar Janairu, lokacin bikinsu na Makar Sankranti, ko'ina alewar riɗi da gur ake sayarwa, kantu sak. Halwar karas ma ta wannan lokaci ce, amma kilo ɗaya na karas da lita ɗaya ta madara suna cin awa guda ana juyawa, ba ta cikin girkin gaggawa.

Abu ɗaya da ba na girki ba: kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Kaskon wutarsu, angiti, yana kashe mutane duk hunturu, kamar yadda gawayi ke yi a wurinmu.

Sarson ka sag da ake ta yabo, ana iya yinsa da sauri?

Miyar ganyen mastad ce, asalinsa girkin Funjab ne na awoyi a kan wutar itace, ana cinsa da rotin masara da curin man shanu, musamman wajen bikin Lohri na 13 ga Janairu. Da tukunya mai fito yana sauka cikin minti 40. Ganyen mastad dami biyu, falak, wani ganye mai kama da alayyahu, dami ɗaya, citta, tafarnuwa, ɗanyen barkono, ruwa kaɗan, fito uku. A daka ko a markaɗa sama-sama, a zuba garin masara babban cokali biyu ya ɗaure shi, a bar shi yana ɓararraka minti 15, sai tadka mai albasa. Washegari ya fi daɗi. Rotin masara hanyarsa ɗaya da na gero da ke amsar da ta gabata.

Mura ta kama ni. Me suke sha?

Cai mai citta. Kofi 1 na ruwa, a daka ɗanyar citta da ilaici biyu a tafasa minti uku, a zuba ganyen shayi ƙaramin cokali biyu, sannan kofi 1 na madara da sukari, ya taso sau biyu, a tace. Dole cittar ta tafasa a ruwa kafin madara ta shiga, in ba haka ba ɗanyar citta na tsinka madara. Da dare kuma madara mai zafi da rabin ƙaramin cokali na kurkum.

Mutanen kudu rasam suke yi, kuma ni shi na fi so, don farfesu ne marar nama. A jiƙa tsamiya kamar girman ƙwallon goro a tace, a murƙushe tumatir biyu a ciki da ruwa kofi 3, kurkum da gishiri. A daka baƙin masoro da jira, ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, da tafarnuwa biyar, a zuba. Da ya fara kumfa a sauke, kada ya daɗe yana tafasa, sai tadka. A sha a kofi ko a kan shinkafa. Yana buɗe hanci, amma ba ya maye gurbin likita idan zazzaɓi ya ƙi sauka.

Ina zan sami naman halal, kuma me zan dafa da shi cikin sauri?

A tambaya kafin a saya, domin yanka iri biyu ne: halal, da jatka wanda ake sare kai da sara ɗaya. Mahauta Musulmi suna da yawa, kuma galibi suna rubutawa a allon shago. A Delhi, kewayen Jama Masjid, Nizamuddin da Jamia Nagar ba a shan wahala. Abin da ake sayarwa da sunan naman rago yawanci na akuya ne. Yanka saniya laifi ne a jihohi da yawa, abin da ake samu naman ɓauna ne. Kerala da Bengal ta Yamma suna cikin inda ba a hana ba. Wannan batu yana da zafi a can, kada a yi wasa da shi da maƙwabta ko mai gidan haya, wasu ma ba sa yarda a dafa nama a gidansu sam. A kayan leda, koren ɗigo na nufin babu nama, alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai.

Mafi sauri shi ne kima matar: rabin kilo na niƙaƙƙen nama, a yi bhuna da albasa biyu da tumatir biyu kamar yadda na bayyana a amsar ɗanɗano, a zuba naman ya soyu, kofi 1 na koren wake, ruwa kaɗan, minti 15, garam masala a ƙarshe. Ranar da aljihu ya yi sanyi, dafaffen ƙwai a cikin wannan miyar.

Karin kumallo na minti goma fa?

Foha, wato shinkafar da aka daka ta yi fale-fale. Mutanen Indore da Maharashtra ba sa wayi gari babu ita. A ɗauraye a rariya, kada a jiƙa, a soya rai, gyaɗa, albasa da kurkum, a juye ta a ciki minti biyu, a matsa lemon tsami. Ko cilla: garin cana, da suke kira besan, a dama da ruwa, albasa da barkono, a soya kamar wainar fulawa. Ragowar shinkafar jiya, matuƙar a firji ta kwana, ita ma tadka da gyaɗa da lemon tsami suna tashe ta.

Dal yana kumbura mini ciki.

A koma mung da masur na ɗan lokaci, a jiƙa ko na rabin awa ne a zubar da ruwan, a kwashe kumfa, a tabbata ya narke, a sa hing da citta a tadka. Tumatir da tsamiya sai wake ya yi laushi ake zubawa, don tsami na hana shi nuna. Inda muke jefa kanwa, su ɗan tsunkulen bakar soda suke sa wa cana.

Jinya ta kawo mu. Me zan dafa wa mara lafiya a ɗakin da muka kama?

Allah ya ba shi lafiya. Kicidi mai ruwa-ruwa da daliya, wato fate na ɓarzajjiyar alkama, su ne abin da su kansu suke ba nasu. Amma kafin a ɗora tukunya a nemi ganin mai tsara abinci ta asibitin, manyan asibitoci suna da su. Mai ciwon ƙoda ana iya taƙaita masa dal, gishiri, tumatir da dankali. Mai ciwon sukari ya sani gur sukari ne, komai kirarin da mai shago zai yi masa. Wanda ke shan maganin tsinka jini ya yi tambaya kafin ya yawaita ganye ko kurkum. Idan murhun ɗakin na lantarki ne mai gilashi, tukunyar dalma ba za ta yi zafi a kai ba, sai mai gindin ƙarfe.

Na dawo gida. Da me zan maye abin da babu?

Kusan komai yana tsakar gida. Gi man shanu ne da aka soya har ruwansa ya ƙone aka tace. Dahi kindirmo ne. Atta, a kai alkama inji a ce a niƙa da laushi sosai, a tankaɗe a cire manyan dusa kawai. Dal, a surfa wake kamar za a yi alale, a dafa ya narke. Garinsa kuma yana yin cilla. Fanir, wato cukunsu, a tafasa madarar shanu lita 1, a zuba ruwan lemon tsami babban cokali biyu, a tace a ƙyalle a danne da dutse, ko a yi da awara. Hulba, girfa da habbatus sauda suna wurin masu maganin Musulunci da 'yan koli a kasuwa irin Kurmi. Jira, daniya, rai da hing ne sai manyan kantunan Kano, Abuja ko Legas, ko a yi saƙo. Hing gwangwani ɗaya yana shekara. Masoronmu ya fi nasu ƙarfin ƙamshi, a rage hannu a rasam.

Ganyen mastad ne ba mu da shi, amma alayyahu da ɗan zogale suna yin sag mai kyau. Yakuwa kuwa, mutanen Andhra Pradesh da Telangana gongura suke kiranta, kuma suna alfahari da ita kamar su kaɗai Allah ya ba. A dafa ta da ɓararren wake, a yi tadka mai yawan tafarnuwa.

Na gwada miyar kindirmo, kadi, sai ta tsinke ta zama ruwa da gudaji.

Kindirmo ba ya jure tafasa shi kaɗai, besan ne ke riƙe shi. Kofi 1 na kindirmo mai ɗan tsami, besan ko garin wake babban cokali uku, ruwa kofi 3, kurkum. A burga su tun suna sanyi har babu gudaji ko ɗaya, sannan a ɗora a matsakaiciyar wuta ana juyawa ba tsayawa har ya tafasa. Nan ne mutane ke faɗuwa, suna barinsa su je yanka albasa. Bayan ya tafasa a sa gishiri, a rage wuta, a ba shi minti 20 warin ɗanyen gari ya fita. Tadkansa da ƙwayar hulba ake yi, amma kada ta wuce ƙwaya goma, don tana da ɗaci. 'Yan Funjab suna jefa ƙosan besan a ciki ya jiƙa. Ni da na dawo Kano, ragowar ƙosan safe nake jefawa minti biyar kafin in sauke.